Alkawarin Ɗan Shekara Takwas

Huittinen, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Helvi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya jikin? Yaya sanyin Falun can Sweden, da baƙuntar sabon wuri? Ina gaida Gunnel da maigidanta da yaransu. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta fi rediyo sanin ranar da ƙanƙara za ta sauka.

Na san sai kin juya ambulan ɗin nan sau biyu kin ce, yau Reino ne da wasiƙa? Shekara nawa muna aika wa juna katin Kirsimeti, ke ki sa sunanki, ni in sa nawa, mu ce mun yi zumunci. 'Yarki Gunnel ce ta bugo mini waya ranar Lahadi. Da ɗan guntun yaren Sweden da ya rage mini na fahimci an mayar da ke gidan kula da tsofaffi, kuma likita ya ce zuciyar ta gaji. Ta ce kada in tayar da hankalina. Ban tayar ba. Na dai zauna a kicin har gahawa ta huce a gabana sau biyu.

Bari in ba ki labarin aikin da na jawo wa kaina, ko kya yi dariya. Jikata Milja ita ce yanzu take koyar da yara 'yan shekara shida a nan garin. Ranar 'yancin kai ta matso, shida ga Disamba in kin manta, kuma bana ta ƙudura sai ta koya musu tarihin Risto Ryti, shugaban ƙasarmu na lokacin yaƙi, tunda ɗan garin nan ne. Kullum suna wuce mutum-mutuminsa, sai wani yaro ya tambaye ta wai ko mutumin nan maigadin wurin ne da sanyi ya daskarar. Abin ya ba ta kunya, ta zo ta same ni.

Ta ce, "Kaka, kai kaɗai na sani wanda yake raye lokacin mulkinsa."

Na ce ga gidan tarihi can, ta kai su. Ta ce, "Kayan gidan tarihi ba sa amsa tambaya. Kai kuwa kana yi, in an ba ka gahawa da burodi mai kirfa."

Na ce mata shekarata huɗu aka rataya mini kati a wuya aka tura ni Sweden tare da ke don gudun yaƙi, me na sani game da shugaban ƙasa? Ni direban motar madara ne, shekara talatin da takwas, ba malami ba. Ta ajiye mini littattafai biyu a kan tebur ta ce in karanta, ai ido bai mutu ba. Ba ta tsaya nan ba. Wai ranar bikinsu ni zan zama shugaban ƙasa, in tsaya yara su yi layi suna miƙo mini hannu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi a fadar shugaban ƙasa muna kallo a talabijin. Na amsa, don ban taɓa cin gardama da yarinyar nan ba tun tana rarrafe.

Akwai wata magana, Yaya. Na san abin da kike riƙe da shi game da Inna tun wasiƙar da ta rubuto miki kina kwance a asibiti, kina 'yar shekara goma sha biyu, cewa ki zauna can, ba ta da wurinki a nan. Ban taɓa musa miki ba. Akwai abin da na sani game da wasiƙar nan, amma na yi wa Inna alkawari, hannu da hannu, ba zan faɗa miki ba. Alkawari kaya ne, na ɗauki wannan shekara saba'in, ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar Lahadin nan ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, shi ma ina jin na zarce.

Ki riƙa cin abinci ko ba daɗi. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanenki,
Reino


Huittinen, 29 ga Nuwamba

Yaya Helvi,

Ina gaishe ki da jiki, da fatan kin ɗan samu ƙarfi. A gaida Gunnel, a gaida masu kula da ke, a ce musu ƙanenki ya gode. Ban ga amsa ba, ban kuma yi tsammaninta ba. Mu mutane ne da shiru ma magana ce a wurinmu.

Jiya na je makarantar. Yara ashirin da ɗaya, zaune a ƙasa da safa kala-kala, aka ba ni wata kujera da in na zauna gwiwoyina suna gaisawa da kunnuwana. Na yi mako biyu ina karatu, na rubuta shekaru a bayan ambulan, amma ina buɗe baki na ce an haifi Ryti a dubu ɗaya da ɗari takwas da tamanin da tara, wani yaro mai suna Aatos ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko ni da shi ajinmu ɗaya. Sai na mayar da ambulan aljihu.

Na ce musu ɗan manomi ne daga nan gefen garin, yaro mai son littafi fiye da aikin gona. Suka ce su ma haka. Na ce ya yi karatun shari'a, ya riƙe babban bankin ƙasa, daga baya aka ɗora masa ƙasar tana tsakiyar bala'i, bai samu zaman lafiya ko na rabin mulkinsa ba. Suka tambaya ko yana da kare, ko yana da bindiga, ko yana tsoron duhu. Na ce kare ban sani ba, amma tsoro kowa yana da shi a lokacin, har manya masu gashin baki.

Sai na zo wurin da ya fi wuya. Kin san zancen, ko da yake a Sweden ba a koya muku. A bazarar shekarar arba'in da huɗu Rashawa suka danno, mu ba makamai, ba hatsi. Jamusawa suka ce za su bayar, amma sai an yi musu alkawari ba za mu yi sulhu mu kaɗai ba. Ryti kuwa ya rubuta musu alkawarin da sunansa shi ɗaya, bai sa majalisa a ciki ba. Aka samu makamai aka tare harin, sai ya ajiye mulki. Wanda ya gaje shi ya ce wannan takarda ba sa hannunsa ba ce, ba ta ɗaure shi ba, aka yi sulhu. Bayan yaƙi aka yanke masa shekara goma a kurkuku, ya fito da ciwo, bai ƙara lafiya ba. Na gaya musu gaskiya cewa waɗanda aka yi alkawarin da su mugayen mutane ne, kuma har yau manya suna gardama a kan abubuwa da yawa na lokacin. Milja ta gyaɗa mini kai daga bayan aji.

Aatos ya ce, "Wato ƙarya ya yi musu."

Wata yarinya Pihla, mai haƙora biyu a cire, ta ce, "Ba ƙarya ba ce, wawa. Shi ai bai karya ba. Ɗayan ne bai yi alkawari ba."

Milja ta ce ba a cewa wawa. Pihla ta ce to, ta janye, amma dai bai gane ba.

Nan ne bakina ya yi mini sauri. Na ce alkawari ba abin wasa ba ne, ni ma akwai wanda na yi wa innata tun ina ɗan shekara takwas, cewa ba zan faɗa wa wata wani abu ba, kuma har yau ban faɗa ba. Yaya, da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena. Suka yi mini caa. Mene ne abin? Na ce ai shi ne ba a faɗa. Ina innar taka? Na ce ta rasu da daɗewa. Wacce aka ɓoye wa fa? Na ce tana nan, ta tsufa, ba ta da lafiya. Zai sa ta kuka ko murna? Na ce ina jin duka biyu.

Pihla ta ƙura mini ido ta ce, "Shekara takwas ka ce? Kamar yayana Eino?"

Na ce haka.

Ta ce, "Eino ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa sosai ba. To ai ba kai ka yi alkawarin ba, wani yaro ne. Kai tsoho ne. Kai ne wanda ya gaje shi. Sai ka ce ba sa hannunka ba ne."

Aatos ya ce ba haka ake yi ba, mutum ɗaya ne. Pihla ta ce ya dube ni da kyau, ina ya ga ɗan shekara takwas? Aka yi ta, har lokacin cin abinci ya raba su. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a ajin Milja ba.

Na dawo gida ina jin haushi. Wayon lauyoyi ne, na ce da kaina, namiji ba ya fita daga maganarsa ta taga. Na shiga sauna, ɗakin wankan tururi, don in huce, na fito da maganar yarinyar nan a kaina yadda na shiga da ita. Ban yanke komai ba tukuna.

Ki huta lafiya. Ina tunaninki fiye da yadda na saba.

Naki,
Reino


Huittinen, 6 ga Disamba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Barka da ranar 'yanci, ko da yake a wurinku yau rana ce kamar kowace. Yaya ƙarfin jiki? Gunnel ta ce kin kwana biyu ba ki tashi daga gado ba, amma kin sa an karanta miki, a'a, ta ce ke kika karanta wasiƙuna da kanki, da gilashi biyu. Na gode da wannan. Ƙarfe huɗu ne na yamma, duhu ya riga ya shiga, na kunna kyandir biyu a taga kamar kowa a layinmu.

Jiya aka yi bikin yaran. Na sa baƙar kwat ɗin da na yi wa matata Kerttu jana'iza da ita, Milja ta rataya mini ɗamara ta takarda. Sirpa mai dafa musu abinci ita ce matar shugaban ƙasa. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Yau dai na samu miji mai muƙami, ko da na awa ɗaya ne." Na ce ta yi haƙuri, mulkin ba ya zuwa da albashi. Ta ce, "Duk haka kuke."

Aka sa waƙa, suka shigo bibbiyu, 'yan mata da dogayen riguna, maza da wuyan riga a matse kamar an shaƙe su. Kowa ya zo ya tsaya, ya kalle ni cikin ido, ya miƙo hannu, ya ce barka da ranar 'yanci. Aatos ya matse mini yatsu da duk ƙarfinsa don in san namiji ne. Pihla ta yi ɗan rusunawa, ta ce a hankali, "Ka faɗa mata?" Na ce tukuna. Ta ce, "Kai dai ka cika nawa," ta wuce wajen Sirpa.

Ba maganarta ce ta karya ni ba, Yaya, hannayen ne. Hannu ashirin da ɗaya, kowanne ya ɓace a cikin tafina, wasu da ɗumi, wasu da danƙon alewa. Shekara saba'in in na tuna ranar da na ba Inna hannu, wannan hannun nawa nake gani, mai kanta da jijiyoyi. Jiya na gane wanda ta riƙe bai fi waɗannan da komai ba. Don haka ga shi, ni wanda na gaji yaron nan zan faɗa miki, in laifi ne yana wuyana ni kaɗai.

Kin tuna bayan yaƙi ni aka dawo da ni, ke aka riƙe ki saboda tarin fuka. Kina rubuto wa Inna duk mako cewa a zo a ɗauke ki. Abin da ba ki sani ba shi ne likitanki ma ya rubuto, limamin coci ya fassara mata. Ya ce kin daina cin abinci, kin haɗa kayanki a ƙarƙashin gado kina jiran jirgi, sau biyu an tsinto ki a bakin ƙofa cikin sanyi. Ya ce muddin kina sa ran tafiya gida ba za ki kwanta ki warke ba, in kuma aka kawo ki nan, inda ba magani ba abincin kirki, ba za ki ga wata bazara ba. A shekarar nan tarin ya ɗauki yara uku a ƙauyenmu, har da Aili ƙawarki.

Da safe ne, bayan ta gama tatsa. Ta zauna a teburin kicin da takarda. Ta rubuta ta yaga, ta rubuta ta yaga, har sau huɗu, kin kuwa san yadda takarda take wuya a lokacin. Duk wadda ta rubuta sai ta ce, "Wannan ta yi taushi, za ta gane." Ta biyar ita ce kika samu. Da ta gama ta fita bayan garke, na bi ta, na same ta durƙushe tana amai. Ta goge bakinta, ta miƙo mini hannu kamar wani babban mutum ta ce, "Reino, kada ka taɓa gaya mata. In ta sani za ta dawo, in ta dawo za ta mutu. Gara ta ƙi ni tana raye." Ni na kai wasiƙar gidan waya.

Mutanen ƙauye sun ce ta sayar da 'yarta don man shanun Sweden. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba. Da kika zo a shekarar saba'in da ɗaya tare da matar da ta riƙe ki, kika ba Inna hannu a bakin ƙofa kamar baƙuwa, na ja ta gefe na ce yanzu ai kin warke, a faɗa miki. Ta ce, "Ta samu uwa, dubi yadda take kallonta. Kada mu kwance mata abin da ya ɗauru." Na bar zancen. Da ta rasu kika aiko da furanni ba ki zo ba, nan ma ban faɗa miki ba, har ina jin haushinki a kan abin da ni na ɓoye miki. Wannan wautata ce, ba ta Inna ba, ina neman gafararki.

Ban sani ba ko na kyauta. Na dai san ba zan yarda ki tafi da waccan wasiƙar a matsayin maganar Inna ta ƙarshe ba. Kuma tunda bakin ya buɗe, bari in ƙara da abin da ban taɓa faɗa ba: na gode da kika riƙe hannuna tun daga tashar jirgin ƙasa har Sweden, ko a barci ba ki saki ba. Ina sane.

Yanzu zan kunna talabijin in ga shugaban gaske yana shan wahalar da na sha jiya. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Ƙanenki mai laifi,
Reino


Huittinen, 19 ga Disamba

Yaya Helvi,

Gaisuwa da godiya. Takardarki ta iso jiya, na gane rubutunki tun daga akwatin wasiƙa, na tsaya cikin ƙanƙara ba hula na karanta. Ina fatan jikin ya ƙara sauƙi. Gunnel ta ce kin yi kwana uku ba ki yi wa kowa magana ba, ranar ta huɗu kika nemi alƙalami da kunun alkama. Na yi murna da kunun kusan yadda na yi da alƙalamin.

Kin ce ni jaki ne. Na karɓa, ban da ja. Kin ce in gaida yarinyar nan mai wawulo, na aika ta bakin Milja. Amsar da ta bayar ita ce, "Ai na gaya masa." Kin ce in zo bayan Kirsimeti. Milja ta riga ta samo mana wuri a jirgin ruwa na ashirin da bakwai ga wata, ita za ta rako ni, wai kada in ɓata. Ki jira ni, kada ki yi mini irin halinmu na tafiya ba sallama.

Saura tambayarki, wadda kika rubuta a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: ko Inna ta taɓa ambaton sunanki bayan nan. Ba zan bari sai na zo ba.

A cikin gida ba ta yi. Ko a tebur, ko a coci, ko ranar haihuwarki, ban taɓa ji ba. Amma a bazarar shekarar nan saniyarmu ta haifi 'yar maraƙa, Inna ta sa mata suna Helvi. Maƙwabta suka yi ta dariya, wa ya taɓa sa wa saniya sunan mutum, sunan 'yarsa kuma? Suka ce ta tabbata ba ta da zuciya. Da wannan ta tsufa aka samu wata, ita ma Helvi. Huɗu na ƙirga har ta daina kiwo. Ni ma sai da na girma na gane. Kowace yamma, in lokacin shigar da shanu ya yi, sai ta tsaya a bakin shinge, ta kalli yamma wajen Sweden, ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta kira sunanki ki zo gida, ba mai tambayarta dalili. Shekara talatin da ɗaya tana kiranki, Yaya, duk ƙauyen yana ji.

Sai na zo. A gaida Gunnel da yara.

Ni ne ƙanenki,
Reino